Inabin Kusa da Rijiya

Gindi goma sha biyu na inabi Malam Abdulhamid ya dasa a bayan gidansa na Tirwun, shekarar da ya ajiye aikin koyarwa. Da wata cuta ta shigo, ganye ya fara nannaɗewa yana yin ja, 'ya'yan suka daina zaƙi. Kafin damina biyu, sha ɗaya sun lalace. Na kusa da rijiya kaɗai ya rage, kore shar.

Ya ɗauki hotonsa ya tura wa 'yarsa Hafiza, wadda ke karatun cututtukan shuka a ƙasar waje. Rabonta da gida shekara huɗu. Nan take ta kira.

"Baba, don Allah kada kowa ya taɓa shi! Ƙwayar cutar da ta kama sauran ba ta da magani. Irin wannan da ke kare kansa muke ta nema."

"To, ai sai ki zo ki gani da idonki."

"Zan duba, Baba."

Wannan "zan duba" ya riƙe. Ya sa aka yi wa ɗakinta fenti, ya kewaye inabin da waya saboda awaki. Matarsa Hajiya Jannatu ta ce, "Malam, yarinyar nan fa ba ta ce za ta zo ba." Ya yi kamar bai ji ba.

Wata Laraba mota ta tsaya a ƙofar gida. Ya fito da sauri, ko hula babu. Ashe Prosper ne, abokin aikin Hafiza da ta aiko, riƙe da almakashi da kular ƙanƙara. Ya gaishe shi cikin ladabi, ya yanki rassa shida. Malam ya tsare shi da tambaya: tana cin abinci kuwa? Ta rame? Sanyin can bai dame ta ba?

Sai bayan wata biyar sakamako ya fito. Hafiza ta kira cike da murna.

"Baba, cutar ta shige shi, amma ta kasa yaɗuwa! Sun ƙara mini shekara biyu in gano dalili."

"Alhamdu lillahi. Allah ya yi miki albarka."

Ya buɗe baki zai tambaya ko za ta samu zuwa da salla, sai ya jiyo ana kiranta daga can.

"Je ki, je ki, kada su jira."

Ya daɗe zaune da wayar a hannu. Sai da Hajiya ta ce sau biyu tuwo zai huce, sannan ya tashi.