Wasan da Bai Kai Awa Biyu Ba

Shekaru Renée Kowalchuk ta kwashe a ɗakin ƙasa na gidan yayanta Darcy a Winnipeg tana haɗa wasan kwamfuta, labarin wata tsohuwa mai tattara kayan mijinta bayan rasuwarsa. Darcy ya ce ta saki ɗan ɓangaren farkon wasan kyauta mutane su ɗanɗana, ta ƙi. Wasan gajere ne, in ta raba farkon me za ta sayar? Ai kasuwar intanet ɗin da za ta sayar da shi a ciki tana mayar wa mai saye kuɗinsa muddin bai wuce awa biyu yana bugawa ba, wannan ma ɗanɗano ne.

Ta manta cewa wasan nata ana gama shi tas kafin awa biyun.

Bayan ta saki wasan a kasuwa, wata rana da safe Darcy ya sauko mata da kofi, ya tarar tana karanta ra'ayoyin masu saye.

"Attajira, yaushe za ki saya min mota?"

"Ji wannan," in ji ta. "Wai ƙarshen ya sa shi kuka."

"To madalla."

"Ya share hawayensa ya karɓi kuɗinsa. Yawancinsu haka suka yi."

"Ƙara masa tsawo mana, ƙanwata. Sa tsohuwar ta riƙa jan ƙafa."

Wasa yake yi, amma ba ta yi dariya ba. Tafiyar marigayiya kakarsu ta kwaikwaya, ta kuma san ta dace yadda take. Da ya haura sama, ta buɗe aikin ta rage wa tsohuwar sauri.