Katifar Malama Kuwabara

Ruwa ya fara sauka ke nan Pabitra ta ɗaga kai ta ga katifar tana nan rataye a ƙarfen barandar hawa na uku. Kwana biyu cur. Malama Kuwabara fa, tsohuwar da ke kwashe shanya tun hadari bai gama haɗuwa ba, mai leƙowa ta yi wa maƙwabta tas a kan safa ɗaya da ta kwana a waje, ita ce za ta bar katifa ruwa ya doka? Ina!

Shekara huɗu ke nan da Pabitra ta baro Nepal ta zo Saitama a ƙasar Japan, tana aikin zuba abinci a kwali a wata masana'anta. Biyu daga ciki a gaban tsohuwar nan ta yi su, ƙofofinsu na kallon juna. Duk Talata da Juma'a sai ta durƙusa a gaban ɗan guntun tebur tana koyon Japananci, Malama na bin littafinta da jan alƙalami. Kuma ba rubutu kaɗai ba. Yadda ake rusunawa, yadda ake miƙa abu da hannu biyu, yadda ake juya takalmi ya fuskanci ƙofa.

"Ke 'yar kan dutse," in ji Malama kullum, "ƙofar mutane ba ganga ba ce. Sau biyu, a hankali. In ba a amsa ba, ki ba da haƙuri ki wuce. A nan ba a ɗora wa mutum nauyi."

Ranar Talatar nan iya tsawon sarƙar da ke tare ƙofar Malama ta buɗe ta.

"Yau babu karatu. Miƙo littafin in duba."

"Malama, kin yi fari fat. In kawo miki romo?"

"Lafiyata lau. Me na koya miki in babba ya ce lafiya lau?"

"A ce to."

"To ki ce mana."

Ta ce to. A ƙauyensu da tuni ta ture ƙofar ta ɗora tukunya, ana zaginta tana iza wuta. Amma ta sha wahala kafin ta iya wannan ladabin, har tana alfahari da shi.

Ranar Laraba ta ƙwanƙwasa sau biyu, a hankali. Ta ji kamar ana jan wani abu a ƙasa, sai kuma shiru. Ta rusuna wa rufaffiyar ƙofa ta tafi aiki.

Yanzu ga shi Alhamis. Ta haye benen da gudu, lema a hannu ba ta ko naɗe ba. Jaridu biyu cushe a ramin ƙofar. Ta juya ta buga wa Ebisawa, tsohon direban jirgin ƙasa da bangonsa ke haɗe da na Malama.

"Baba Ebisawa, katifar Malama tana waje."

"Na gani."

"Ka ga ta fito?"

"Ƙila ta tafi Sendai wurin ɗanta. In muka sa aka fasa ƙofa ta dawo, da wane ido za mu dube ta? Kin dai san bakinta." Ya sunkuyar da kai yana kallon silifas ɗinsa. "Jiya da rana na ji ana ɗan taɓa bango. Na ce ko ƙusa take kafawa."

"Ƙusa? Baba, shekararta tamanin da uku!"

Nan karatun shekara biyu ya zube. Pabitra ta dunƙule hannu ta hau dukan ƙofar, tana kwarma ihu da yaren uwarta, tana kiran tsohuwar da sunan da ake kiran uwa. Ƙofofi suka buɗe kaɗan, idanu suka leƙo, suka koma. Ebisawa ya tafi kiran 'yan sanda.

Da aka fasa ƙofar, a lungun shiga ɗaki aka same ta, taku uku daga ƙofa, kwance a gefenta, hannu ɗaya jingine da bango. Ma'aikacin motar asibiti ya durƙusa ya duba, ya haɗa tafukansa alamar girmama mamaciya.

"Ba ta daɗe da cikawa ba," ya ce. "Ga alama da safiyar nan ne."

Da safiyar nan. Ashe jiya, lokacin da Pabitra ke rusuna wa ƙofa, tana nan da ranta tana ji. Ko muryar ce ta ƙi fita, ko kuwa tsohuwar ce ta ƙi ɗaga ta ta dami maƙwabta, oho. Babu mai gaya mata. Ta rasa wa za ta ji wa haushi, ita ko Malama.

Da aka fita da gawar ta roƙi ɗan sanda ya bar ta ta shigo da katifar. Ya gyaɗa kai. Sai da ta taka tabarmar ɗakin sannan ta lura ta cire takalmanta, ta kuma juya su sun fuskanci ƙofa.

Littafin Pabitra na kan tebur a buɗe. A shafin ƙarshe Malama ta zana babban jan fure, alamar da take yi in aiki ya fita babu kuskure ko ɗaya. Jan alƙalamin na gefe, ba murfi.

Pabitra ta rungumo katifar daga baranda. Ta yi nauyi kamar mutum. Ta tsaya da ita a tsakar ɗaki ta rasa inda za ta ajiye, ruwa na ɗiga a kan tabarma.