Lissafin Watannin Auta

Shekara shida Auta ta yi tana ɗibar jini a ɗakin gwaje-gwaje na wani asibiti, amma kowa a gidansu ya san likitanci take so. Sau biyu ta zauna jarrabawar shiga, sau biyu maki ya gaza. Bara ta ci da kyau, sai jinyar mahaifiyarsu ta hana ta neman gurbi. Sakamakon kuwa shekara biyu kawai yake aiki, don haka bana ce damarta ta ƙarshe.

An buɗe karɓar takardu tun farkon watan shida, za a rufe ƙarshen watan goma. Auta ba ta yi gaggawa ba. Kullum tana cikin gyara bayanin da ta rubuta game da kanta, ta goge wannan layi ta mayar da wancan. Tana kuma jiran wasiƙar shaida daga shugaban ɗakin gwajin, wanda ya tafi kwas, ba zai dawo ba sai watan goma. Ana cikin haka, a watan bakwai, warin maganin goge teburi ya fara tayar mata da zuciya. Ita da ke gwada na mutane, ranar nata ta gwada, sai ga ciki.

Yayarta ungozoma ce. Ta sauko da kalanda daga bangon falo, ta bi watanni da yatsa, ta ce haihuwa sai tsakiyar watan biyu. Auta kuwa ta san waɗanda suka miƙa takarda a ƙarshe, a watan biyun ake kiransu ganawa.

"To ai shi ke nan," in ji Yaya, "sai ki je musu da naƙudarki, su nuna miki aikin a zahiri."

Auta ba ta yi dariya ba. Mijinta malamin koyar da tuƙi ne, sana'a ta riga ta dafa shi da haƙuri, ya ba da shawarar a bari sai baɗi. Da ta tuna masa cewa baɗi sakamakon ya mutu, sai ta sake zama jarrabawa da goyo a baya, ya yi ta sosa ƙeya. Can ya ce su biyun duk zato suke yi, gara su je su tambayi masu abin.

Ranar hutunta ya ɗauke ta a motar koyarwa, mai birki biyu. Ofishin ɗaukar ɗalibai yana hawa na biyu, da kujerun roba a jere da fanka mai kukan tsufa. Wata dattijuwa mai tabarau ce a bayan kanta. Auta ta fara da kame-kame, daga baya ta ajiye kunya ta faɗi komai, har da watan haihuwa.

Matar ta leƙo ta saman tabarau. "Wa ya ce miki sai da wasiƙar ake karɓar takarda?"

Auta ta ce haka ta ji a wurin aiki.

"Ji-ta-ji-ta ke nan. Miƙa takardarki yau, wasiƙa ta biyo baya, ko daga inda yake shugaban naki ya aiko mana. Layi muke bi, wanda ya riga zuwa shi ake fara kira. 'Yan wannan makon watan goma sha ɗaya ne nasu."

Auta ta ƙirga a zuci: lokacin cikinta wata shida, tana iya hawa bene da ƙafarta. Ta ce saura bayaninta, bai gama gyaruwa ba.

"'Yata, shekara ashirin ina nan, ban taɓa ganin wanda nasa ya gama gyaruwa ba."

A kan kujerar robar ta zauna, ta buɗe wayarta, ta karanta bayanin sau ɗaya, ta gyara harafi guda, ta tura. Da ta sauko ta tarar da maigidan yana nuna wa wani mai gadi yadda ake juya mota da baya. Yana ganin fuskarta ya buɗe mata ƙofar mota.

Shugaban nata ya aiko da wasiƙar bayan kwana tara, yana faɗan me ya sa ba ta kira shi tun farko ba. Ta je ganawa a doguwar rigar Yaya, don nata duk sun matse. Likitoci uku suka yi mata tambayoyi na rabin awa, ɗayansu ya turo mata kofin ruwa. Amsa ta iso a watan ɗaya: an ɗauke ta.

Mace ta haifa, a hannun Yaya. Saura wata bakwai a shiga aji, Auta ta ce da barci za ta cinye su, duk lokacin da jaririyar ta yarda.