Ƙofar Banɗaki da Tsinken Ashana

Tela dai tela ne, amma je ka gaya masa! Tun ranar da ya taɓa fankar ɗakinsu ta daina ƙara, ta kuma daina juyawa, ya yanke cewa kiran mai gyara ragwanci ne. Shi ya sa da matarsa ta ce mahaifiyarta na hanya, ga banɗakinsu ba ƙofa sai zanin da suke ratayawa, ya bugi ƙirji.

"Kafin Umma ta sauko daga mota, ƙofa na tsaye."

"Baban Auta, ka rufa mana asiri ka kira kafinta," in ji matar.

Ina! Ya aro injin huda katako wurin maƙwabci, ya jingina ƙofar, ya auna da ido yadda yake auna kafaɗar mai riga. A ɗinki in an kuskure farkewa ake yi a sake, shi a zatonsa katako ma haka ne. Ya huda katakon firam ɗin bakin banɗakin, ramin ya sauka ƙasa da inda ƙarfen ƙofar zai zauna. Ya ƙara wani a gefensa. Ramukan suka haɗe, har yatsa na shiga. Ya sa sukuru, sukuru ya yi ta juyi bai kama komai ba.

Gumi ya keto masa. Surukarsa fa, matar da ko ido bai iya haɗawa da ita, ita ce za ta yi wanka a bayan zani a gidansa? Gara ya bar garin.

Maƙwabcin ya leƙo ya ga aika-aikar. "Karya kawunan ashana, ka tsoma tsinkayen a gam, ka cika ramin dam. Bar shi ya bushe sai gobe, sannan ka sake hudawa."

Tela ya ji komai ban da "sai gobe". Ya kwashe ashanar kicin kaf, ya cusa, ya bi da guduma, ya datse abin da ya leƙo da almakashin ɗinkinsa. Ya ɗan hura wa gam ɗin iska da baki, ya ɗaura ƙofa. Ta kuwa tsaya cas. Ya kira matarsa ta shaida, yana buɗewa yana rufewa a hankali kamar mai kwantar da jariri.

Umma ta iso a gajiye, ta nemi ruwan wanka. Ita kuwa ba ta san lallaɓa ƙofa ba. Tana shiga ta fizgo ta garam! Sai ga tsinkaye na zubowa, ƙofa ta yo waje za ta kwanta. Tela ya daka tsalle ya tare ta da gadon baya.

"Wane ne nan?" in ji Umma daga ciki.

"Ni ne, Umma. Aiki nake ɗan dubawa."

"Madalla. To riƙe da kyau, ɗana, ni ba na wankan gaggawa."

Matar ta toshe baki ta shige kicin, kafaɗunta na rawa. Bawan Allah ya tsaya ƙiƙam, ido a ƙasa, gam na manne masa a riga, yana jin saukar kowane kofin ruwa, kunya kamar ta kashe shi. Can dai ruwan ya tsaya. Ya sauke ajiyar zuciya.

"Af!" in ji Umma. "Ɗana, na baro sabuluna a jaka. Yi maza ka ɗauko min."