Tabon Agogon Baba

Baffa Abdulmalik ya warware ƙyallen, ya ɗaga agogon wajen hasken taga, ya ce shi kaɗai ya rage cikin kayan marigayi. Kowa a falon ya miƙa wuya. Sharhabil yana zaune a bakin ƙofa kusa da takalma. Shi ma ya zuba wa agogon ido.

Ranar rabon gadon mahaifinsu ce, a gidansu na Malali, kuma Baffa, ƙanin marigayin, shi ke rabon. Agogon na farin ƙarfe ne, ƙirar Siwizalan, wani injiniya ya ba Baba lokacin da ya yi ritaya daga ma'aikata. Akwai dillalin da ya taɓa taya shi kuɗin mota, Baba ya yi dariya kawai. Alwala ce kaɗai take raba shi da hannunsa. Da ya rasu, Yaya Datti, babban ɗa, ya karɓa ya ajiye.

Sharhabil kuwa auta ne, wanda ya baro makaranta a aji huɗu na sakandare. Ya taɓa ɗinki, ya taɓa tuƙin keke napep, yanzu yana gyaran waya a rumfar wani a Abakpa. Babu abin da ya taɓa zaunar da shi wuri ɗaya sai agogon nan. Bayan rasuwar ya kasa sukuni, ya roƙi Datti aronsa, ya ce so yake ya ga ko hannunsa zai iya yin irinsa.

Ya ɗauka faɗa zai sha. Sai ga Datti ya kawo masa agogon har ɗaki. Ya sayo masa magagari kala-kala da gilashin ido na masu gyara, ya yi odar injin ciki mai araha daga waje. In ya taso ofis yakan zauna a katifar Sharhabil da manyan kayansa, yana kallon yadda yake goge ƙarfe, yana cewa ashe autan Umma akwai kai. Wata da watanni suna haka. Duk sanda dangi suka tayar da maganar rabo, Datti ya ce takardu ba su kammala ba.

Da aikin ya zo ƙarshe, Datti ne ya nuna wani tabo a gefen agogon Baba, ya ce a yi har da shi, in ba haka ba aiki bai cika ba. Shi ne kuma ya ce duk gwani yana barin sunansa, a zana shi a cikin murfin baya. Sharhabil ya yi duka biyun. Ranar da ya gama ya mayar da na Baba, ya haɗa da nasa ya ba Datti kyauta, don bai san wata hanyar godiya ba.

Yanzu agogo yana yawo hannu-hannu a falo. Da ya iso gare shi bai ma buƙaci gilashi ba. Shi bahago ne, ranar da ya yi tabon magagari ya ɗan zame masa, ya bar siririyar wutsiya ta hagu. Ga ta nan. Nasa ne, ba na Baba ba.

Baffa ya karɓe agogon, ya ce masa ya gani dai, wannan shi ne aiki, ba irin wasan da yake yi a ɗaki ba. Aka yi dariya. Datti ma ya yi.

Sai Umma, Hajiya Kaltume, ta miƙo hannu. Ta shafa tabon da babban yatsa, ta ce ƙofar mota ce ta yi shi, ranar da Baba ya ɗauke ta a guje zuwa asibiti tana naƙudar Sharhabil. Ta goge ido da bakin mayafi. Sannan ta ce a sa mata agogon a kasonta, ta haƙura da rabonta na gonar Rigachikun. Baffa ya ce ta yi tunani, gona gona ce. Ta ce ta gama tunani tun tana takaba.

Aka kira la'asar, maza suka tashi.

A wajen famfo Sharhabil ya samu Datti yana naɗe hannun riga. Ruwan da aka yi da rana bai gama tsanewa a tsakar gida ba.

"Yaya, ina na Baba?"

Datti bai ɗago ba. Ya wanke hannu, ya kurkure baki, sannan ya ce agogon ya tafi Abuja tun bara, da shi aka zuba rufin gidan da yake ginawa, gidan da kowa zai shiga ya fita. Ya ce Umma ba sayarwa za ta yi ba, a durowa za ta ajiye, wa aka cuta?

"Gonarta fa?"

"Umma tabo take so, ga tabo ka yi mata."

Sharhabil ya ce zai buɗe murfin a gaban kowa. Sai a lokacin Datti ya dube shi, da irin fuskar da yake yi masa a ɗaki in aiki ya yi kyau.

"Buɗe mana, auta. Sunan wa za su gani a ciki? Wa ya riƙe agogon wata da watanni? Ni ofis nake zuwa."

Ya ƙarasa alwalarsa a natse, ya ɗauki hularsa a kan bokiti ya wuce masallaci.

A sahu Sharhabil ya rasa raka'a ta nawa ake. Maraicen kwanakin baya yake ta tunowa, Datti a kan katifa yana miƙo masa gasasshiyar masara, yana tambayar yaya ake fitar da ƙyallin nan. Ya yi ta neman rana ɗaya da zai ce wannan kam don shi aka zo, bai samu wadda zai rantse a kanta ba.

Da aka dawo falo Baffa ya ce in babu mai magana, gona ta koma kason maza, sai a shafa fatiha. Umma ta riga ta ɗaura agogon, ya yi mata yawa, yana zamowa har bayan hannu. Ta yafito Sharhabil, ta ce tunda ya iya taɓe-taɓe ya rage mata madaurin.

Ya tsallake ƙafafun mutane ya durƙusa a gabanta. Ƙaramin mabuɗin murfi yana aljihunsa, kullum yana nan. Ya kwance mata agogon. Maimakon madauri, sai ya kifa shi a tafin hannunsa.

Ya ce Baffa ya dakata da fatihar.

Murfin ya juya ba gardama, ai shi ya ƙera shi. Ya miƙa mata shi, cikin yana sama. Umma ta nisanta shi da idonta kamar yadda take yi in ba tabarau, leɓɓanta suna motsi, tana haɗa haruffan. Datti yana tsaye jikin taga, hannu a baya, yana kallon titi.

Ta gama karantawa. Ba ta waiwayi taga ba. Kallon da ta yi masa shi ne na ranar da ya dawo daga makaranta da akwatinsa a ka.

"Sharhabil," ta ce a hankali, "ina na babanka?"