Wasiƙar da Pak Darwis Ya Rubuta wa Silvani

Shekara ashirin da biyu Pak Darwis (Pak laƙabin girmama maza ne a can) yana koyar da adabi a sakandaren bayan kasuwa a garin Payakumbuh, kuma duk wanda ya taɓa zama ajinsa ya san ba a gudu a kan shafi. Jimla ɗaya sai ya tsare yara a kanta rabin awa. Yakan ce musu su ja layi a ƙarƙashin abin da marubuci ya faɗa, sannan su tambayi kansu me ya ƙi faɗa.

A zangon ƙarshe, 'yan ajin fita suna karanta wani tsohon littafi da kakanninsu ma sun karanta, labarin ya da ƙanwa da suka ɓata a kan gonar shinkafar da uwarsu ta bari. Ranar da suka kai babin da babbar ta ziyarci ƙanwar, ranar ce mai duba makarantu ta zo daga ofishin ilimi, ta zauna a bencin baya da takardunta.

Pak Darwis ya karanta wurin da murya mai daɗi, ya rufe littafin. "Kun gani? Ta dafa mata shayi da hannunta. Wannan shayin shi ne yafiya."

Wata yarinya a layi na uku, kusa da taga, ta ɗaga hannu. Silvani ce, 'yar mai soya ayaba a bakin tasha.

"Pak, ni ban ga yafiya ba."

"To me kika gani?"

"A kofi mai bakin zinariya ta zuba mata. A shafi na arba'in an ce wannan kofin ba ya fitowa sai in an yi baƙo. Kenan ta gaya mata ta zama bare a gidan."

Yara suka hau buɗe shafuka. Pak Darwis ma ya buɗe. Ga shi nan kuwa baro-baro, a layin da idonsa ya bi ta kai ya fi sau hamsin. Mai duba makarantu ta yi dariya daga baya ta ce, "Pak, yau fa 'yarka ta riga ka." Aji ya kwashe da dariya. Shi ma ya yi, har ya tafa mata. Amma bai manta da abin ba.

Bayan wata ɗaya aka aiko daga Padang, babban birnin lardin, ana neman ɗalibi ɗaya daga makarantar, wanda za a ɗauki nauyin karatunsa na adabi a jami'a. Mutum biyu suka nema, Silvani da wani yaro Rifki, kuma kowanne sai malaminsa ya rubuta masa wasiƙar shaida. Ta Rifki shafi guda cif Pak Darwis ya rubuta, cike da yabo, har ya ba shi kwafi. Da ya zo kan ta Silvani, sai ya rubuta cewa ba ta makara, rubutunta yana da tsabta, ba ta taɓa fashin aikin gida ba, kuma tana da ladabi. Ya karanta ya ga babu ƙarya ko ɗaya. Ya sa hannu, ya liƙe ambulan.

Rifki aka ɗauka.

Takardun wanda bai samu ba ana mayar masa da su, kuma wannan ne Pak Darwis ya manta. Ranar wata Laraba yana cin shinkafa da ƙwai mai yaji a ɗakin malamai, sai Silvani ta yi sallama. Ta jira har ya wanke hannu, sannan ta ajiye masa takarda a kan tebur. Wasiƙarsa ce, duk ta ja mata layi da fensir.

"Pak, ba ƙara na kawo ba. So nake ka duba min ko na karanta daidai."

Ya bi layukan fensirin da ido.

"Jimla huɗu ce. Biyu daga ciki abin da ba na yi suke faɗa. Babu kalmar littafi a ciki, babu karatu, babu tunani. Da za a cire sunana a sa na kowa a ajin, za ta zauna." Ta ɗora yatsa a kan takardar. "Kenan marubucin yana so a gane babu wani abu a tare da ni, amma ba ya so a ce shi ya faɗa. Haka ne, Pak?"

Malamin lissafi da ke teburin gefe ya tashi ya fita kamar an kira shi.

"'Yata, irin waɗannan wasiƙu a taƙaice ake yinsu."

"Rifki ya nuna min tasa."

Ta ɗauki takardarta ta ninke, ta sunkuyar da kai ta fita. Shinkafar da bai ƙarasa ba kenan.

Washegari ya buga waya Padang, aka ce masa an rufe, sunaye sun riga sun tafi. Ya zauna ya rubuta wata wasiƙar, shafi uku, ya faɗi gaskiyar yarinyar da abin da ta gani a littafin da shi bai gani ba. Da la'asar ya hau babur ya nufi bakin tasha.

Uwar Silvani, Bu Yusnimar (Bu laƙabin girmama mata ne), tana hango shi ta goge benci da gefen zaninta, ta kira shi da laƙabin da ake kiran malamai. "Pak Guru da kanka? Zauna, zauna. Silvani, ɗebo wa malaminki masu zafi. Allah Ya saka da alheri da wahalar da ka yi mata. Ba rabonta ba ne kawai."

Nan ya gane yarinyar ba ta gaya mata ba. Silvani tana tsaye a gaban kasko tana juya ayaba, ba ta ɗago ba.

"Bu, wasiƙar da na rubuta mata ba ta yi kyau ba."

"Haba Pak Guru, kai da ka koya wa rabin garin nan rubutu?"

"Da gangan na yi. Ta gyara min kuskure a gaban baƙuwa, ni kuma na riƙe ta a zuciya. Ita ta fi cancanta."

Bu Yusnimar ta dubi 'yarta, ta dube shi. Murmushin ya bar fuskarta a hankali. Wani direba ya leƙo yana neman ta kawo masa shayi, ba ta ko juya ba.

"Shekara uku ke nan," ta ce, "kullum ta dawo sai ta ce Pak Darwis ya ce kaza, Pak Darwis ya ce kaza. Har ubanta ya fara kishi."

Ya miƙa wa Silvani sabuwar wasiƙar. Ta goge hannu ta karɓa da hannu biyu, ta sa a aljihu ba ta buɗe ba. Uwar ta ƙunsa masa ayaba a ganye ta ce ya kai wa iyali, don ba a barin baƙo ya tafi haka.

Saura mako shida a gama zango. Silvani ba ta yi fashi ko sau ɗaya ba, amma ba ta sake ɗaga hannu ba. Yakan jefa tambaya ya yi jinkiri, ya ƙyale hannuwa biyar a sama yana duban wajen taga, har sai ya gaji ya kira wani. Ranar sallama ta bi layi da sauran ɗalibai, ta kama hannunsa ta kai goshinta, ta ce, "Na gode, Pak."

Bayan jarrabawa ya ji ta tafi birnin Pekanbaru wurin ƙanwar babanta, tana aiki a kantin magani. Sau biyu ya aika mata littattafai ta hannun uwarta. Na farko an ce ya isa. Na biyu Bu Yusnimar ta ce ya bari tukuna, ɗakin da yarinyar take ciki ƙarami ne.