Ranar da Aka Zo Tantance Mu

Shekara goma sha ɗaya muna shari'a da wani mai gonar waken soya a kan dajinmu. A ta goma sha biyu alƙali ya ce ba zai yanke hukunci ba sai an tabbatar masa cewa mu 'yan ƙabilar Guarani ne na gaske, 'yan asalin wurin. Za a turo wata masaniya daga Asunsiyon, babban birnin ƙasarmu, ta duba mu.

Ana jibi za ta zo, lauyanmu Benitez ya iso ƙauye da buhu cike da rinannen gashin kaza, irin wanda ake sayar wa 'yan yawon buɗe ido a tasha. Ya ce a ɓoye babura da wayoyi, kowa ya tuɓe takalmi ya yi ado da gashin.

Babana, Anastasio Duarte, shi ke jan addu'a a ƙauyenmu. Yana da hularsa ta gashin tsuntsu da ba ya sakawa sai ranar raɗa wa yara suna. Lauya ya juya ta, ya ce ta koɗe, ba za ta fito a hoto ba.

"Dattijo, ba ni na rubuta dokar ba," in ji shi. "Abin da suke son gani shi za mu nuna musu."

Matar ta zo. Na miƙa mata ruwan ganye mai sanyi, ta ce ta ƙoshi. Ta buɗe tukwanenmu na rogo, ta tambaye ni ko muna cin ƙadangare. Daga nan ta ce Baba ya yi mata rawar addu'a.

Ya yi. Tsoho ɗan shekara saba'in da huɗu, da tsakar rana, ba takalmi, a gefen gonar da aka yi wa feshin magani kwana ɗaya kafin nan, direban matar yana ɗaukarsa a waya yana danne dariya. Na zaga bayan ɗaki na yi ta tofar da yawu.

A ɗakina ta ga takardar shaidata ta aikin jinya, na manta ban sauke ta daga bango ba. Ta daɗe tana rubutu.

Rahotonta ya ce muna da alamun asali, amma mun gauraya da zamani. Alƙali ya ba mu kashi ɗaya cikin uku na dajin, ɓangaren da aka riga aka sare.

Sati uku ina wanke wa Baba ƙafafu, duk maganin feshin ya saɓule su. Bai taɓa tayar da zancen ba. Mun ɗaukaka ƙara, an ce bayan damina za a turo wani masanin.